Intabiyu a kamfanin da ke haɗa mutane da aiki, a taimaka min don Allah

Salam 'yan uwa. Wata matsala ce ta sha min kai. Na kai CV ɗina wani kamfani irin masu nemo wa wasu kamfanoni ma'aikata, sun kira ni intabiyu sau 2 kuma duk a wuri ɗaya nake maƙalewa.

Jarrabawar taifin da ta Excel ba ta ba ni wahala, na wuce lafiya lau. Amma da zarar matar da ke yi min intabiyun ta ce min nawa kake so a biya ka sai bakina ya mutu, don ni a fahimtata su ne za su riƙa biyana albashi, shi kuma kamfanin da za su tura ni ya biya su, to in na faɗi da yawa kar su ajiye fayil ɗina gefe, in kuma na yi ƙasa na cuci kaina na tsawon kwantiragin gaba ɗaya. Karo na biyu ma cewa na yi duk abin da ya sawwaƙa, ta ɗan yi murmushi ta rubuta wani abu, tun daga nan shiru kake ji.

Sannan akwai shekara 1 da wata 4 da na zauna ba aiki ina jinyar mahaifiyata, in faɗi gaskiya kai tsaye ko yaya ake tsara maganar?

Yanzu sun sake kira na ranar Talata. Wanda ya taɓa bi ta hannun irin waɗannan kamfanoni, shin ya dace in tambaye su sunan kamfanin da za a tura ni tun kafin mu zo batun kuɗi?