Kujerar wasan tseren mota mai motsi: wane moter, wane direba?

Ɗan Yantala:
Assalamu alaikum malamai. Ina son in haɗa kujera mai karkata gaba da baya, hagu da dama, tana bin motsin mota a wasan kwamfuta. Mutum da kujera za su kai kilo 100. Moter na share gilashin mota zai iya? A nan Yamai ina ake samu, kuma me zai tuƙa shi daga Arduino, ɗan allon lantarkin da zai ba shi umarni?

Mai Gyaran Wuta:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zai iya, da sharaɗin ba shi zai ɗauki nauyin ba. Ka sa kardan na mota, gaɓar ƙarfen nan mai lanƙwasa ta kowane gefe, ƙarƙashin kujera, daidai tsakiyar nauyi. Gano wurin ba wuya: ka ɗora firam ɗin bisa bututun ƙarfe, ka zauna da sitiyari da feda duka a ɗaure, a mirgina har ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba. Nan za a yi walda. Moter biyun suna bayan kafaɗu, aikinsu turawa da ja kawai.

Ka zaga wajen masu kayan tsofaffin motoci a Feray ko Katako. Na babbar mota, mai 24V, ya fi na ƙarama ƙarfi. Ka sayi biyu iri ɗaya, in ba haka ba gefe ɗaya zai riƙa riga ɗaya. Kafin ka biya, kama bakin sandar ka jijjiga. In tana wasa, haƙoran giyar sun cinye, bar musu abinsu.

Abin da ke ƙone kayan mutane: a yawancin waɗannan moter, burushi ɗaya yana haɗe da jikin ƙarfen. Direba kuwa, wato allon lantarkin da ke ba moter wuta bisa umarnin Arduino, juya wuta yake yi, waya ɗaya ta zama fozitif yanzu, anjima nagatif. Moter biyu bisa firam ɗaya ke nan za su yi gajeren haɗi. Buɗe murfin, yanke wannan haɗin, fito da waya daban, sannan ka auna da mita: kada ta yi ƙara tsakanin kowace waya da jikin.

Injiniya Tawa:
Gaskiyar Malam. Ƙari kan hannun da za ka ɗaura wa sandar: santimita 5 zuwa 6 daga rami zuwa rami. Moter mai ƙarfin juyawa 20 Nm da hannu na santimita 5 yana tura kusan kilo 40. Ka mayar da shi 10, ƙarfin ya ragu rabi.

Lantarki: Arduino Uno ɗaya da manhajar SMC3, direba IBT-2 ɗaya ga kowane moter, sai manhajar SimTools ko FlyPT Mover a kwamfuta, mai ɗauko motsin wasan ta aika wa Arduino. A lambar SMC3 ka zaɓi tsari na 2, shi ne na IBT-2. Kada 43A da ke rubuce ya ruɗe ka, da wannan ɗan ƙarfen sanyaya ba zai jure ko kusa ba, balle zafin Afrilu. Shafa man sanyaya, sa masa fanka. Direban Monster Moto kuma ka manta da shi in 24V ne, iyakarsa 16V.

Kowane moter sai da abin da ke faɗa wa Arduino inda hannu yake: potansiyo 10k na layi, zuwa ƙafafun A0 da A1 na Arduino. Kada ka ɗaure shi gam da sandar, sa guntun tiyo na roba a tsakani. Ranar gwajin farko cire sandunan turawa, ka rage PWMmax, wato iyakar ƙarfin moter a saitin SMC3, sosai. In moter ya gudu daga inda aka aike shi maimakon ya nufa can, wayoyinsa biyu ne a juye, musanya su. Da cikakken ƙarfi, cikin ƙiftawar ido zai karya potansiyon.

Ɗan Yantala:
Na gode ƙwarai. To wutar fa? Na ga ana amfani da akwatin wuta na tsohuwar saba, babbar kwamfutar nan (server).

Mai Gyaran Wuta:
Yana yi, amma shi kaɗai zai riƙa mutuwa. Duk lokacin da moter ya taka birki ya juya, janareta yake zama, ya maido wuta baya, akwatin ya kashe kansa. Haɗa batir da shi, fozitif da fozitif, nagatif da nagatif, ya shanye, da diyod mai ƙarfi a bakin akwatin. Akwatin saba 12V yake bayarwa, don haka ga moter 24V batir biyu ne a bi-da-bi, fozitif ɗin ɗaya da nagatif ɗin ɗayan, da caja tasu. Waya 4 mm² aƙalla, fiyus 30A ga kowane moter, da maɓallin yanke wuta inda hannunka zai kai kana zaune.

Injiniya Tawa:
Ni potansiyo na gwaji kawai nake ganinsa. Ƙurar hunturu na shiga, karatu ya fara tsalle, kujera ta yi ta rawar ɗari. Firikwensin maganaɗisu irin AS5600 ba ya gogar komai. Ko wanne ka sa, murɗe wayoyinsa uku, ka nisanta su da na moter, nagatif ɗin Arduino da na direba kuma su haɗu wuri ɗaya. In rawar ta ci gaba bayan haka, a saitin SMC3 rage Kp (ƙarfin da moter ke bin umarni da shi) kaɗan-kaɗan, ka bar saitin Ki a sifiri tukuna.