Muhawarar Malaman Katsina a Kan Ladan Koyar da Yara Maza

Malamin aji biyu daga Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana malamai. Jiya a wajen wani ɗaurin aure, ƙanen mahaifina ya dube ni a gaban jama'a ya ce har yanzu ina nan ina share majinar 'ya'yan mutane, alhali sa'o'ina sun kama kasuwa sun gina gidaje. Ban tanka masa ba saboda girmansa, amma maganar ta hana ni barci. Shekara 11 ke nan ina riƙe da ajin maza, kuma ina so in faɗa a nan cewa aikin nan yana da ladan da wanda bai taɓa riƙe alli ba ba zai gane shi ba. Akwai wani yaro a ajina da ya yi zango biyu bai bambance "b" da "d" ba, hankalinsa yana kan ƙera mota da gwangwani da kara. Sai na ce ya kawo motar aji, muka riƙa rubuta sunan kowane sashe nata a kan allo, taya da ƙofa da fitila. Makon jiya da aka tashi, ya kama hannun rigata a bakin titi ya karanta mini rubutun da ke bayan wata motar itace tun daga farko har ƙarshe, yana rawar jiki don murna. Wallahi na isa gida ban ji zafin rana ba.

Malamin sakandare, ɗan ƙungiyar malamai: Malam, Allah ya huci zuciyarka, amma wannan kalma ta "lada" ita ce ta durƙusar da mu a ƙasar nan. Tun muna yara muke jin ana cewa ladan malami sai a lahira, kuma da wannan magana ake rufe mana baki duk lokacin da ƙarin girma ya makale ko giratutin wanda ya yi ritaya ya ƙi fitowa. Abin da muke nema sunansa albashi, haƙƙi ne, kuma hadisi ya ce a ba ma'aikaci haƙƙinsa tun kafin guminsa ya bushe. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malami 65, ko shekara 40 a bakin aiki, to wace riba mutum ya ci idan an ƙara masa shekarun aiki alhali kuɗin haya yana gagararsa?

Malamin Islamiyya daga Daura: Subhanallahi. Malam, ka yi hattara da harshenka, domin lada ba abin rainawa ba ne. Muslim ya ruwaito cewa idan ɗan Adam ya mutu ayyukansa sun yanke sai uku, kuma ilimin da ake amfana da shi yana cikinsu. Ban da haka, a Hausa lada ya haɗa duka biyun, shi ya sa muke cewa ladan aiki idan za a sallami leburan da ya yi jifan ƙasa. Alarammomin da suka karantar da mu a makarantar allo kuɗin Laraba kaɗai suke karɓa, ba su taɓa yajin aiki ba, kuma albarkar karatunsu tana nan har yau.

Ɗan ƙungiyar malamai: Ni ban raina lahira ba, kuma ba zan yarda a jingina mini abin da ban faɗa ba. Alaramman da kake magana a kansa almajiransa suna taya shi noma, mutanen unguwa suna kai masa zakkar hatsi, ni kuwa wa zai yi mini noma? Kullum aka taɓo haƙƙin malaman boko sai ku kawo mana zancen makarantar allo, kamar mu ba mu yi allon ba.

Malamin Islamiyya: Wane ne "ku"? Ina da takardar shaidar malanta ta NCE kamar yadda kake da ita, sai dai ban bar ta ta raba ni da tarbiyyar gidanmu ba.

Malama daga Ƙofar Marusa: Malamai, kun tsaya a kan lada kun tsallake kalmar da ta fi damuna, wato "maza". Me ya sa Malam ya keɓe yara maza, kamar farin cikin koyarwa yana ƙarewa a bakin ƙofar ajin mata? Shekara 16 ina koyar da 'yan mata, kuma yarinyar da ta zo makaranta bayan ta sauke farantin talla ta kuma iya karatu, ba ta fi yaron mota da gwangwani ƙarancin daraja ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru don karantar da mata tun ƙarni na 19, saboda haka ba yau aka san ladan koyar da mata ba a ƙasar Hausa.

Malamin aji biyu: Yaya Malama, ki gafarce ni, ban ce mata ba su da lada ba, ajin da aka ba ni na faɗa. Abin da na gani shi ne yaro namiji tun yana ƙarami titi yake kiransa, ga tasha, ga garejin kanikawa, ga abokai masu nuna masa kuɗin da suka samu a yini. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai maza fiye da 300 daga makarantar kwana, na san iyayen da suka yi ta jinkirin mayar da 'ya'yansu aji. Duk yaron da ya dawo ya zauna a gabana da fensir, ina jin kamar an ba ni kyauta.

Tsohon hedimasta mai ritaya: 'Ya'yana, ku saurara. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai aka kafa ta, kuma yara maza aka tara mata daga lardunan Arewa. Sardauna Ahmadu Bello a nan ya yi karatu ya koma Sakkwato ya koyar, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koma Bauchi ya koyar. Ginin yana nan cikin gari, kowa yana iya zuwa ya gani. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ma ya riƙe alli kafin ya zama gwamna a 1999. Mu da aka ɗauka lokacin shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 da takardar shaidar malanta ta Grade II, mun shiga ƙauyuka a kan keke, mun san yaran ajinmu har gidan iyayensu. Malaman yanzu takarda ta yi yawa, kishin aikin ya yi kaɗan, shi ya sa kalmar lada take yi musu ɗaci.

Sabon malami da ya gama kwalejin Isa Kaita, Dutsin-Ma: Baba, da girmanka, wannan hukunci bai yi mana adalci ba. A zamaninku ba a tara yaran da suka fi ƙarfin benci a aji ɗaya, kuma albashinku yana sayen buhun gero ya bar canji. Ni ma da kuɗin aljihuna nake sayen alli wani lokaci.

Tsohon hedimasta: Yaro, shekarunka nawa da za ka gaya mini abin da albashina yake saye?

Shugaban zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun yarda cewa koyar da yara lada ne kafin ya zama albashi, kamar yadda Baba hedimasta, wanda shi ya koyar da ni a aji huɗu, ya tabbatar da hujjojin tarihi. Malaminmu na Daura ya kawo nassi, kuma bayan nassi babu sauran ja. Ƙorafin albashi a kai shi ofishin ƙungiya, ba nan ne wurinsa ba. Matasa kuma su koyi ladabin magana da manya.

Ɗan ƙungiyar malamai: Ranka ya daɗe, ni ma nassi na kawo, amma ban ji ka ambace shi ba.

Malama daga Ƙofar Marusa: Ni kuma ba a ko ambaci maganata ba. Malam na Ƙofar Sauri, idan ba za ka damu ba, ka turo mini yadda ka tsara darasin motar nan, ina da yara uku da "b" da "d" suke ba wa wahala.