Neman shawara: Mun rabu da mijina ba tare da saki ba, shin dole ne in sanya shi a takardun Kanada?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Jos, kuma ina shirin neman izinin zama na dindindin a Kanada ta tsarin Express Entry, wanda ake zaɓen masu nema bisa yawan makinsu. Na rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS, an kuma tantance takardun karatuna. Damuwata ita ce shekara biyu ke nan ina gidan iyayena a Unguwar Rogo tare da 'yarmu, shi kuwa maigidan yana Abuja, bai zo biko ba, bai kuma ba ni takarda ba. Mutumin da ke taya ni cike fom ya ce in rubuta cewa ban taɓa aure ba, domin hakan zai ƙara mini maki, ya kuma raba ni da neman sa hannun wanda ko wayata ba ya ɗauka. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Ina neman shawarar waɗanda suka san lamarin.

Wata 'yar'uwa da ke aiki a Kanada: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki yi nesa da shawarar mutumin nan, domin idan ta ɓaci ba sunansa ne a kan fom ɗin ba. Hukumar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, tana buƙatar ki bayyana mijinki da 'ya'yanki ko da ba za su bi ki ba, kuma sashe na 40 na dokarsu ya tanadi haramcin shekara 5 ga wanda ya ɓoye gaskiya, har ma ana iya ƙwace izinin zaman bayan an ba da shi. Ga kuma takardar haihuwar 'yarki da ke ɗauke da sunan mahaifinta, wadda za ta sa jami'in ya yi tambaya. Abin takaicin shi ne ƙaryar ba ta da amfani ko ta fuskar maki, saboda idan kika nuna cewa mijin ba zai tafi tare da ke ba, za a lissafa makinki kamar na wadda ba ta da aure. Sai dai muddin auren yana nan, za a ƙidaya shi a cikin iyalinki wajen kuɗin da za ki nuna a banki, kuma a ƙa'ida ana neman shi ma ya yi gwajin lafiya. Idan ya ƙi, ki rubuta wasiƙar bayani, ki haɗa da shaidar cewa kun daɗe ba kwa tare, domin dokar ta yi la'akari da auren da zamansa ya riga ya watse.

Wani lauya a Jos: Malama, kafin komai a fara sanin irin auren da aka ɗaura. Idan na Musulunci ne kaɗai, zamanki a gida komai daɗewarsa bai warware igiya ba, don haka ke matar aure ce har sai ya sake ki, ko alƙali ya raba, ko kin nemi khul'i. Kotun yanki ce ke da hurumin wannan, kuma ina ba ki shawara ki karɓi takardar kotu mai hatimi ko da shi ya rubuta miki saki da hannunsa, domin 'yar takardar da aka yage daga littafin makaranta ba za ta gamsar da jami'in ƙasar waje ba. Idan kuwa kun ƙara da auren rajista, Babbar Kotu ce kaɗai za ta iya warware shi a ƙarƙashin dokar raba aure ta 1970, wadda ta amince da rabuwar shekara 2 idan ɗayan bai yi jayayya ba, ko shekara 3 ko da ya yi, sannan hukuncin farko yana zama tabbatacce bayan wata 3.

Wani dattijo: 'Yata, ki tuna cewa tsakanin miji da mata sai Allah. Idan kika ɓoye shi yau, gobe kuka shirya, ba za ki iya ɗaukar nauyin zuwansa can ba, saboda dokarsu ta hana hakan ga wanda ba a bayyana shi tun farko ba. Ki sa waliyyinki ya kira magabatansa a san matsaya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Anti, Barista da Baba. Aurenmu na masallaci ne kaɗai, kuma kawuna ya ce zai je Abuja ya same su. Saura batun yarinyar, domin ba zan tafi in bar ta ba.

Lauyan: A nan ne za ki fi buƙatar haɗin kansa. Ana neman mahaifin da ba zai yi tafiyar ba ya sa hannu a fom mai lamba IMM 5604 a gaban wanda doka ta ba ikon shaida sa hannu, ya haɗa da kwafin katin shaidarsa, ko kuma ki kawo umarnin kotu da ya ba ki riƙon yarinyar da damar fita da ita. Saboda haka ki roƙi Kawu ya shigar da wannan magana a zaman da za su yi, kuma ki kammala komai kafin IRCC ta gayyace ki ki shigar da buƙatarki, domin daga nan kwana 60 kacal ake bayarwa a miƙa dukkan takardu.