Itacen girki daga gona: abin da manoman Maraɗi suka tattauna

A zaman da manoma da mata masu sana'ar abinci suka yi kan tsadar itace da gawayi, shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a fara da kututturen da ke cikin gona. Sabara da kalgo suna sake tohowa idan an sare su. A zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, kowace shekara a samu ice ba tare da an tuge saiwa ba. Wannan shi ne sassaben zamani da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, ya yaɗa a nan Maraɗi tun 1983.

Game da dashe, an yaba dogon yaro don yana jure fari kuma yana tohowa bayan sara. Itacen turare kuwa, aka ce a nisanta shi da fadama da rijiya, shan ruwa gare shi. Bini da zugu ya dace da shinge, ana tatsar mai a ƙwayarsa, amma tana da guba, a kula da yara.

Inda aka fi jan magana shi ne gawayin ɓawon gyaɗa. Ana ƙona ɓawon cikin duro a rufe, a daka, a kwaɓa da kokon rogo, a dunƙula, a shanya har ya bushe ƙarau. Idan da sauran danshi, hayaƙi zai hana uwargida sakat. Wasu sun kawo batun karan gero, sai wani dattijo ya ce bisashe da darni sun riga murhu buƙatarsa, kuma ni ma ina tare da shi.