Neman shawara: littafina ya ƙi tafiya, ga tseren taɓo yana cin lokacina

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina zaune a Ingila, kuma na daɗe ina shiga tseren ƙetare shingaye, irin na Spartan da Tough Mudder. Ga wanda bai san shi ba, gudu ne a cikin taɓo, ka haye katanga, ka hau igiya, ka yi rarrafe ƙarƙashin waya mai ƙaya. Ƙaramin tseren Spartan kilomita 5 ne da shinge 20, wani babba kuwa kilomita 21 da shinge 30. Na rubuta littafi da Turanci a kan yadda wasan ya fitar da ni daga kaɗaici da ƙiba, na buga da kaina ta Amazon KDP. Dangi da abokai sun saya, daga nan ciniki ya tsaya cak. Ga aiki, ga iyali, ga atisaye. Shin in ajiye tseren in rungumi talla, ko in zuba kuɗi a tallan intanet? Littafin nan yana raina ƙwarai.

Wani dattijon marubuci: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ajiye tseren. Masu sayen littafinka su ne waɗanda kuke birgima a taɓo tare. Wanda ka miƙa wa hannu ya haye katanga ya riga ya yarda da kai, baƙon intanet kuwa sai ka biya kafin ya waiwayo. Ka yi odar kwafin marubuci, KDP na bayar da shi a kan kuɗin bugu da na aikowa, ka kai wurin da kuke atisaye. A filin tseren kuma sai ka nemi izinin masu shiryawa tukuna.

Wata mai tace rubutu: Gaskiyar Baba ce, amma Yaya duba farashinka. Kashi 70 cikin ɗari na kuɗin littafi marubuci yana samunsa ne idan farashin littafin Kindle, wato na lantarki, yana cikin iyakar da Amazon ta gindaya, in ya fita daga nan kashi 35 ne. Kuma a tsarin 70 ɗin ana cire kuɗin isarwa gwargwadon nauyin fayil, to idan ka cika shi da hotunan taɓo, ribar na zurarewa. Ka rage su. Hoton da mai ɗaukar hoton gasa ya ɗauka ma sai da izininsa, haka tambarin kamfanin kada ya hau bangon littafi.

Wani ɗan uwa daga Amurka: Ni dai ban yarda a watsar da talla gaba ɗaya ba. Filin tsere mutum nawa zai ba ka? Shiga KDP Select, shirin Amazon na littafin lantarki, kwana 90 ne, a ciki kana da kwana 5 na rabawa kyauta, kuma ana biyanka kan shafukan da aka karanta. Sharaɗinsa kada ka sayar da na lantarkin a wani wuri. Sa kwanakin kyautar su faɗo a makon wata babbar gasa.

Mai tace rubutu: Kyauta ba ta da amfani, Malam, in ba a bar sharhi ba. Yaya, ka roƙi abokan tserenka da suka karanta su rubuta ra'ayinsu na gaskiya. Kada ka sayi sharhi, dokar Amazon ta hana, za ka iya rasa asusunka. Ka kuma riƙa karɓar imel ɗin masu karatu, domin littafi na biyu.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Baba, ina jin nauyin tallata kaina a gaban abokan gudu.

Dattijon marubuci: Ai ba roƙo za ka yi ba, ɗana. Ba su labarin ranar da igiya ta gagare ka da yadda ka koyi maƙale ta da ƙafa, wani zai tambayi sauran. Kuma wasan yana ƙara fitowa fili: ƙetare shinge ne ya maye gurbin hawan doki a gasar wasanni biyar ta zamani a Olamfik ɗin 2028 a Los Angeles. Rubuta wa shugaban ƙungiyar atisayenku yau, ka nemi minti goma bayan atisayen Asabar.