Bakuna ne suka yi yawa a Kumasi, ko gonakin ne suka ƙare?

Mai koko, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Koko da ƙosai nake sayarwa, sana'ar da na gada wurin innata. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yaran da ake aikowa da sassafe da roba a hannu, kuɗin da aka ba su bai wuce na ludayi ɗaya ba, a gida kuma mutum huɗu ke jira. Ba na iya mayar da su haka, sai in ƙara musu, alhali gero da wake ba su koma yadda na san su ba tun tsadar 2022. A gidan hayarmu ɗakin da mata da miji ke kwana a da, yanzu har da 'ya'ya da ƙannen da suka zo daga Bawku da Walewale neman aiki. Maƙwabtana da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya, tuwon dare kawai. Maigidana ya ce haihuwa ce ta yi yawa a zango. Zuciyata ba ta kwanta da wannan magana ba. Don Allah wanda ya san kan al'amarin ya fahimtar da ni.

Direban babbar mota, Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni da nake ɗauko kayan zan gaya miki abin da idona ya gani. Da muna samari, Kenyase da Pankrono da Abuakwa gonakin rogo ne da gwaza da agade, mata na ɗauko su a ka ko a ƙaramar mota su kawo kasuwar Kejetia. Yau duk an yanka su fuloti, siminti ne ko'ina har Ejisu. Abincin ya yi mana nisa ke nan. Masara sai Ejura da Techiman, tumatir idan na Akomadan ya ƙare sai an haura Paga an shiga Burkina, albasar da ake saukewa a Kwadaso mafi yawanta daga Nijar take. Kuɗin mai, kuɗin shinge, kwandon da ya ruɓe a hanya, duk a kan olonkarki, gwangwanin awon hatsi, ake ɗora su. Ki tuna 2023, bayan juyin mulkin Nijar, motocin albasa sun maƙale a iyakar Benin kaya na lalacewa. A 2024 kuma ruwa ya ɗauke a arewacin Ghana ana tsakiyar damina, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya waje. Garin da ba ya noma a bayan gidansa, duk abin da ya faru a wata ƙasa sai ya ji a cikinsa.

Malamin makaranta, Sawaba:
Yaya, maigidanki ma yana da tasa gaskiyar. A ƙidayar 1960 mutanen Ghana miliyan 6.7 ne, a ta 2021 sun kai miliyan 30.8. Sai dai haihuwar ba ƙaruwa take yi ba: a 1988 mace ɗaya kan haifi sama da shida, a 2022 ya sauko ƙasa da huɗu. Cunkoson unguwanninmu da yawansa ƙaura ce. Ki tambayi 'yan matan nan masu dako a Kejetia, kayaye, me ya raba su da garinsu. Game da tazarar haihuwa kuwa, Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. Kada mu ji kunyar tattauna wannan da matanmu, domin lafiyar uwa ce da ta jariri.

Ɗan Akwatia Line:
Inna, a ƙara da galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Abokaina da iyayensu manoma ne sun bar fartanya sun tafi haƙar zinariya, domin kuɗinta na zuwa da wuri. Kogin Offin ya koma ruwan laka, gonar da aka tone kuma ba ta sake yin rogo. Ni ban ga laifin yaran ba, ba wanda ya ba su abin yi.

Mai koko, Aboabo:
Allah ya saka muku da alheri. Malam, zan karanta wa maigida abin da ka rubuta, har da na shayarwar. Alhaji direba, maganarka ce ta fi tsaya mini a rai. Mu masu koko da masu wake da shinkafa a layinmu muna da adashi. Idan muka haɗa kuɗin lokacin kaka muka sayi wake da buhu daga Ejura, za ka iya ɗauko mana? Kuma a gaya mini yadda ake ajiye shi a ɗaki mai zafi irin namu ba tare da ƙwari sun cinye ba, don ba na son zuba maganin da zan ciyar da yaran mutane da shi.