Tsohon katun ɗaya, amma kowane faifai da irin hotonsa: ina dalili?

Ɗan_Zane: Assalamu alaikum. Masana, a taimaka. Katun guda ne na shekarun 1940 ko 1950, amma launinsa a kaset daban, a DVD daban, a Blu-ray kuma wani lokaci sai ka ga an goge shi fes har layukan zanen sun ɓace. Yaya kamfanonin nan suke yi ne kafin su fitar?

Mai_Nagatif: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, faifai mazubi ne kawai, aikin yana wurin abin da aka zuba masa. A zamanin Technicolor, wato tsohuwar fasahar yin fim mai launi, kowane hoto sau uku ake ɗaukarsa a jere a kan nagatif (asalin fim ɗin da ke cikin kyamara) mai baƙi da fari, ta gilashin ja, kore da shuɗi. In za a sabunta fim, sai a ɗauko wannan nagatif, a kwafe shi cikin kwamfuta hoto bayan hoto, yawanci a 4K, sannan a ɗora kala ukun a kan juna. Tsohon fim yana tsukewa, kuma ba daidai yake tsukewa ba, to in ba a saita su ba za ka ga jan layi ko kore a gefen zane. Kaset ɗin VHS kuwa galibi daga kwafin kwafi aka yi su, shi ya sa launin ya koɗe.

Gogewar da ka gani daga manhajar cire tsakin fim take, wato ƙananan ɗige-ɗigen da ake gani a hoton tsohon fim. Ita ba ta bambanta datti da siririn layin fensir. Ga shi kuma zane ɗaya sau da yawa hoto biyu kawai yake zama a cikin 24 na daƙiƙa, sai ta ɗauka ƙura ce ta share. Blu-ray na Cinderella na 2012 ya sha suka kan haka, sai a fitowar 4K ta 2023 aka dawo da tsakin da layukan. A ganina gara a bar tsakin, da shi aka haifi fim ɗin.

Hajiya_Faifai: Ƙari kan wannan, a duba faɗin hoto. Katun na kafin 1953 kusan murabba'i ne, 1.37:1. In ka ga ya cika faffaɗan talabijin, an yanke sama da ƙasa ke nan, ko an ja shi. Baƙin fili a dama da hagu shi ne daidai. DVD na tsarin PAL (tsarin talabijin na yawancin ƙasashen Turai da Najeriya) kuma yana gudu a hoto 25 maimakon 24, saurin ya ƙaru da kusan kashi 4 cikin 100, sai waƙoƙin su ɗan yi sama.

Malam_Taska: Akwai kuma ɓangaren kasuwa. A da, Disney ta daɗe tana fitar da fim na ɗan lokaci, ta janye shi, sai bayan shekaru ya dawo da sabuwar riga. Snow White na 1937 bai shiga kaset ba sai 1994. Kafin ka saya, ka karanta bayan kwali: shekarar gyaran, ko an saka asalin sautin mono (mai hanya ɗaya), da lambar yanki, wato kullen da ke hana faifai aiki a na'urar wani yankin duniya. DVD lamba yake bi, Blu-ray kuma A, B ko C, faifan 4K ba shi da wannan kulle. DVD yana ɗaukar gigabait 8.5 in mai hawa biyu ne, Blu-ray 50, don haka in an cusa fim da tarin ƙarin bidiyo a DVD ɗaya, sai ka ga shuɗin sama ya rabu hawa-hawa.

Ɗan_Zane: Na gode. To in bayan kwali bai faɗi shekarar gyara ba fa?

Mai_Nagatif: Nemi hotunan da masu saye suka ɗauka daga faifan, ka zuba ido kan gashi da ninkin tufafi. Nan layi yake fara ɓacewa.